Kalmar Tuba a Hanyar Isa

'Yan uwa marubuta, akwai kalmar da aka tsinke mana ita a gabashin Sakkwato, wato tuba. Tun 2019, lokacin da gwamnatin Matawalle ta shiga sulhu da 'yan bindiga a Zamfara, kunnenmu ya saba da "tubabbu": a jera bindigogi gaban kyamara, a yi musabaha, kafin damina ta fita a ji an sake kore shanun wani ƙauye. Yau ka ce wa mutumin Isa ko Sabon Birni wane ya tuba, kallonka kawai zai yi.

Ni Bahaushe ne Kirista, kuma sayen hatsi yana kai ni yankin. A coci an koya mana kada mu bar baƙo ya sauka mota ba mu kira shi ga tuba ba, don ba a san ko zai kai gobe ba. Na yarda da gaggawar. Amma wannan salon wa'azi an shirya shi ne don wanda ya manta da mutuwa, kuma a can ba wanda ya manta. A Disambar 2021 aka tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa, aka cinna mata wuta da mutane a ciki, har da mata da yara. Dattijon da ke gefena yana jan carbi tun daga tasha. Ni zan tuna masa da kabari?

Babi na 13 na Bisharar Luka nake komawa. An kawo wa Yesu labarin waɗanda Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiya ta rushe a kansu. Ya ƙi yarda cewa sun fi kowa zunubi, sai ya juya kiran tuba kan masu rai da ke tsaye gabansa. Don haka raina ke ɓaci in na ji mai wa'azi, ko namu ko na maƙwabtanmu, yana cewa zunubin mutanen yankin ne ya jawo musu. Matar da ta sayar da gonar gado ta biya kuɗin fansa fa? Kiran yana kan mai riƙe da bindiga, da mai kai masa mai da burodi, da ni mai magana.

Gobirawa ba yau suka san Kirista ba. Asibitin Galmi da mishan ɗin SIM ta buɗe a 1950, tsallaken iyaka a Nijar, ya ga marasa lafiyarsu da yawa. Sai dai tun kisan Deborah Samuel a Sakkwato a Mayun 2022, kowane Kirista yana auna kalmarsa kafin ta fito.

Ni dai ba na fara zancen. In an tsaya sallar Azahar, nakan zauna in tsare kayan mutane. Kusan kullum wani zai dawo ya ce, "Malam, ba ka yi alwala ba?" Sai in faɗa masa ko ni wane ne, da dalilin da ya sa nake dogara ga Almasihu don gafara. Wani ya yi shiru har mu isa. Wani ya ja ni da tambayoyi, mu yi ta yi har shingen sojoji na gaba.