Jar hula, tsintsiya, da yaran da suka faɗi a kotu

 Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Kwana biyar ke nan ban ce uffan ba a shafin nan, har wasu sun biyo ni ta bayan fage suna tambaya wai ko an saye ni. Ba wanda ya saye ni. Kunya ce ta riƙe ni, yau kuma na ga gara in amayar da ita in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan Ungogo ne, nan aka binne cibiyata, nan gonar Babanmu take. A 2015 na jefa ƙuri'ata ta farko. A 2019 ina wakilin akwati, na sha baƙin cikin inkonkulusib har sai da na kwanta ciwo. A 2023 na kwana a tsaye ana ƙirga ƙuri'a, kuma ranar 12 ga Janairun 2024 da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Abba Kabir Yusuf kujerarsa, wallahi kuka na yi a gaban mutane. Jar hulata tana nan a rataye, ban cire ta ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya zo ƙasan rubutun nan yana ce min ɗan leƙen asiri.

Ranar Juma'a, 1 ga Nuwamban 2024, mun sauko daga masallaci na shigo gida ina jiran a zubo min abinci, sai bidiyon nan ya faɗo wayata. Yaran da aka kama lokacin zanga-zangar watan Agusta, an kai su Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bayan kimanin wata uku a tsare, ana tuhumar su da cin amanar ƙasa. Kun dai gani. Ƙashin wuya a waje, wasu sun yanke jiki sun faɗi a gaban alƙali, an kuma sa belin kowannensu naira miliyan 10. Yaron da ko silifas ɗin kirki ba shi da shi.

Ba a yi minti goma ba saƙo ya shigo guruf ɗinmu na WhatsApp: "Sojoji, ga kaya ya samu, kowa ya hau." Ni kuwa na hau. Na fara rubutu mai zafi, na samo kanu mai daɗi, ina ta lissafin yawan waɗanda za su yaɗa shi. Ina cikin haka Umma ta ajiye kwanon ta leƙo.

"Mu ga. Kai, innalillahi. Wannan na ƙasan ai tsaran Auta ne."

Ta yi shiru ta sake kallo, sannan ta ce, "To kai me kake ta dannawa?"

Na ce, "Martani nake yi musu, Umma."

Ta ce, "Martanin naka zai kai wa uwarsa labarin yana da rai?"

Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara. Ni kuma abincin nan ban iya ci ba.

Abin da ba ku sani ba, Autanmu shekararsa 16, kuma ranar 1 ga Agusta ya fita. Ya bi ayari ta titin Katsina aka nausa cikin gari. Muka neme shi har muka gaji, aka sa dokar hana fita ta awa 24, Umma tana ta safa da marwa tsakanin ɗaki da zaure. Sai dab da magariba ya shigo ba takalmi, idanunsa jajir saboda barkonon tsohuwa. Na ɗaga hannu zan mare shi, na ce wa ya aike ka? Ya ce, "Yaya, ai a shafinka na ga kana cewa talaka ya tashi ya nemi 'yancinsa." Hannun nan a sama ya tsaya. Ni da na rubuta, a ɗaki na wuni ranar ina caja waya. Tsakanin Auta da yaran can na Abuja ba komai sai kwanar da ya sha ya shige lungu, su kuma suka miƙe.

Alhamdulillahi an sake su, shugaban ƙasa ya ba da umarni ranar Litinin, washegari aka miƙa su ga gwamnoninsu. Daga nan kuma aka shiga sabon zagaye: 'yan tsintsiya suna yabon tausayin shugaban ƙasa, mu muna yabon gwamna da ya karɓo su. Wata ukun da suka yi a tsare, ban ga wanda ya yi ta bibiyar su a cikinmu ba. Har da ni.

Daren Asabar na je majalisarmu wajen mai shayi. Ina da aboki ɗan APC na gidi, tun firamare muke tare, benci ɗaya. A Facebook idan kun ga yadda muke yi wa juna za ku rantse ba ma ga maciji, alhali shi ya yi min babban aboki ranar aurena. Na ce masa, mutumina, tsakaninka da Allah, ya ka ji da bidiyon nan? Ya ce bai yi barci ba. Na ce to me ya sa ka rubuta cewa 'yan adawa ne suka shirya faɗuwar? Ya ce, "Kai me ya sa ba ka taɓa rubuta komai a kan rusau ba, alhali ka ce min shagon ɗan ƙanwar babanka ya tafi a ciki?" Nan muka yi shiru mu duka, mai shayi yana ta fifita gawayi.

Irin hirar da muke yi a bencin nan, da ita muke kawowa shafukanmu, da an ƙaru da mu. Shi ra'ayinsa a kan tallafin mai har gobe bai canza ba. Ya ce kasafin da Buhari ya bari bai tanadi kuɗin tallafin ba sai zuwa watan Yunin 2023, kuma Atiku da Peter Obi duk sun ce za su cire shi in sun ci. Ya ce tun da aka cire, kason da jihohi da ƙananan hukumomi suke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai, don haka in ina neman inda kuɗin ya shiga, in fara tambaya daga gida. Wannan maganar tasa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban taɓa yarda da ita a fili ba sai yau.

Ni kuma na ce masa, ko likita zai yi maka aiki sai ya fara yi maka allurar kashe zafi. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka tashi da lita ƙasa da naira 200, zuwa Nuwamban 2024 ta haura 1,000. Aka saki naira ta yi ta faɗuwa a wata mai bi masa. Ɗan Ungogo da yake shiga Sabon Gari ko Kantin Kwari kullum neman abinci, rabin abin da ya samo a adaidaita sahu yake barin sa. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da ake ta magana, mutum nawa ne a layinmu suke ɗaukar albashi? Baba manomi ne, abin da ya sani shi ne buhun takin da ya gagare shi bana sai da aka yi karo-karo. Abokina ya ce wannan ma gaskiya ne, amma in ya rubuta haka, kafin asuba an cire shi daga guruf.

To a nan gizo yake saƙa. Ba ra'ayi ne ba mu da shi ba. Muna da shi, mun yi karatu daidai gwargwado, mun san inda ke yi mana ƙaiƙayi. Amma abin da ake buƙata a wurinmu babban yatsa ne da murya. A turo maka na data, wata rana a yi sallah a ba ka shadda yadi biyar, kai kuma ka zagi sa'an ubanka.

Bari in ba ku nawa labarin. Da aka buga gangar zaɓen ƙananan hukumomi na ce zan nemi kansila a mazaɓarmu. Me zai hana? Tun 2018 aka sa hannu a dokar nan da ta rage shekarun takara, ɗan shekara 25 ya samu damar neman majalisar jiha ko ta wakilai. Na zaga dattawa, na gaida masu unguwanni, matasa suka buga min fasta da kuɗinsu. Sai hukumar zaɓe ta jiha ta fito da sanarwar kuɗin fom: ciyaman miliyan 10, kansila miliyan 5. Na zauna na yi lissafi, ko an sayar da babur ɗina da ɗan fegin da na gada ta wajen kaka, ba za a kai ba. Kafin ma in gama lissafin aka kira ni wani gida da daddare, aka ce in yi haƙuri, an riga an yi maslaha, ni yaro ne, lokacina yana zuwa. Shekarata 31. Wanda ya gaya min hakan, shi tun ina firamare yake cewa matasa ne manyan gobe.

Kada 'yan tsintsiya su yi murna, don a 2022 fom ɗin shugaban ƙasa a jam'iyyarsu miliyan 100 ne, na gwamna miliyan 50. An buɗe mana ƙofa da doka, an sa kwaɗo da kuɗi.

Zaɓen kuma da aka yi ranar 26 ga Oktoba, jam'iyyarmu ta cinye ciyamomi 44 da kansiloli 484, ko ɗaya ba ta bari ba. Na yi murna a shafin nan, kuna iya komawa ku gani. Amma a 2021 da APC ta cinye 44 da 484 ɗin nan dai a zamanin Ganduje, ni ne na rubuta cewa wannan naɗi ne ba zaɓe ba. Rubutun yana nan, Facebook ya tuno min da shi. Ban san da wane baki zan ce wancan naɗi ne wannan kuma zaɓe ba. Ga shi a watan Yuli Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wannan hukuncin ya fi shafar Ungogo fiye da duk wani abin da muke faɗa a kai, amma sau nawa kuka ga na yi rubutu a kansa? Sau ɗaya, shi ma mutum bakwai ne suka kula.

Ku gwada da rigimar masarauta. Tun watan Mayu da aka rushe dokar masarautu biyar aka dawo da Sarki Muhammadu Sanusi II, Sarki Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan Nassarawa, datar da na ƙona a kan maganar nan ta isa ta sayi buhun taki. Ina da ra'ayina a kai, kuma ina girmama sarauta. Amma a daidai lokacin, gonakin da muka taso muna roron wake a cikinsu daga Rijiyar Zaki zuwa Bachirawa, har can wajen Panisau da Rangaza, ana ta yanka su fuloti-fuloti. Birni yana cinye mu. Magidanci ya sayar da gona ya aurar da 'ya, ya sayi babur, bayan shekara biyu ba gona ba babur, ɗansa kuma ba noma ba aiki. Unguwanni suna tsirowa ba makaranta, ba magudanar ruwa, ba famfo, sai 'yan garuwa. Yaran da suka rasa gona suka rasa aji, su ne muke gani a bayan motar kamfen, su ne kuma ake kamawa in gari ya rikice. Wace jam'iyya ce take da tsari a kan wannan? Ban taɓa tambayar tawa ba.

Ga kuma ƙudirorin haraji da shugaban ƙasa ya aika wa majalisa a watan Oktoban 2024, gwamnonin Arewa suka zauna a Kaduna suka ce ba su yarda da sabon tsarin rabon harajin kayayyaki ba. Na tambayi majalisarmu, mu tara, wa ya karanta ko shafi ɗaya? Babu. Amma kowa ya riga ya san ɓangaren da zai tsaya.

Baba yana jin mu wani lokaci in muna musu a ƙofar gida, sai ya yi dariya. Shi ɗan PRP ne tun na asali. Yakan ce da Abubakar Rimi ya hau gwamna a 1979 ko shekara 40 bai cika ba, kuma ya soke haraji da jangali, shi Baba da idonsa ya ga shekarar da aka daina zuwa karɓa a gidan kakanmu. Ya ce Malam Aminu Kano ma yana da shekara kusan 30 aka kafa NEPU a 1950, kuma samari ne suka kafa ta, masu sana'a da ƙananan ma'aikata. Kullum tambayarsa ɗaya ce: "Ku me kuke nema a yi muku? Ku faɗa min abu ɗaya." Sai mu fara kiran sunayen mutane. Ya ce, "Ban ce wa ba, na ce me."

A 2023 hukumar zaɓe ta ƙasa ta ce kusan kashi 40 cikin 100 na masu rajista 'yan shekara 18 zuwa 34 ne. A Kano mutum kusan miliyan 6 ne suke da rajista, amma ƙuri'un Abba da na Gawuna in ka haɗa su ba su cika miliyan 2 ba. Sauran fa? Yawancinsu ba jar hula gare su ba, ba tsintsiya. Suna kallon mu ne kawai muna zagin juna.

Ban bar jam'iyyata ba, kuma in an zo zaɓe gobe na san inda zan dangwala. Na yaba da dokar ta-ɓaci da aka sa a kan ilimi, ina kuma jiran in ga ta iso firamaren da na yi, inda har yau yara suke zama a ƙasa. Amma na fita daga guruf ɗin "kowa ya hau". Na goge rubutun ranar Juma'a tun kafin in sake shi. Ni da mutumina ɗan APC mun yi magana, ranar Litinin in Allah ya kai mu za mu je wajen sabon kansilanmu tare, da takarda ɗaya mai buƙata uku: kujerun firamare, gyaran rijiyar burtsatsen bakin kasuwa, da kuma a gaya mana nawa ne yake shigowa ƙaramar hukuma duk wata. Duk ɗan mazaɓarmu da yake son sa hannu, ko wace hula yake sawa, ya same mu wajen mai shayi bayan isha'i. Abin da aka ce mana a can, zan kawo muku shi nan yadda yake.

Jiya da daddare na tambayi Auta, tunda kafin 2027 zai cika 18, ko zai yi katin zaɓe. Ya ce zai yi. Na ji daɗi, na gyara zama, na ce wa za ka zaɓa?

Ya ce, "A'a Yaya, an ce ana buɗe asusun banki da shi."