Ba Kowane Ciwon Goshi Ba Ne Sainos

Da zarar hunturu ya kama, rabin 'yan hostel ɗinmu sai su ce sainos ke damun su. Kai ya sara, hanci ya toshe, sai a ruga kemis a sayo Amoxicillin. Ni da ciwon ɓarin kai ya saba kwantar da ni tun ina sakandare, ina kallon wasunsu na san ciwonmu ɗaya.

Abin da ke rikita mutane shi ne ɓarin kai ma yana toshe hanci, ya sa ido hawaye, domin jijiyar da ke ɗauko ciwon ita ce ta ratsa goshi, kumatu da hanci. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2004, cikin mutum kusan 3,000 da ke cewa sainos ne, kashi 88 cikin ɗari ɓarin kai ne ke damun su.

Ga yadda likita ya bambance mini su. Sainos na gaske yakan biyo bayan mura, da majina mai kauri ruwan ɗorawa ko kore, wani lokaci da zazzaɓi, ƙamshi ma ba ka ji. Ɓarin kai kuwa bugawa yake kamar ganga, sau da yawa gefe guda, da tashin zuciya, haske da hayaniya su zame maka azaba, daga awa 4 har zuwa 72. Wannan kam Amoxicillin ba ruwansa da shi.

A hutun da ya wuce na gwada akufanca, wato maganin Sinawa na tsira siraran allurai a fata. Ba sakiya ba ce, zafin bai kai cizon sauro ba. Bayan zama takwas, ciwon da ke zuwa mini sau huɗu a wata ya koma sau biyu. Nazarin Cochrane na 2016 ya nuna rabin waɗanda aka yi wa sun samu irin wannan sauƙi, amma kashi 41 na waɗanda aka yi wa ta bogi su ma sun samu. Ke nan tana taimakawa, sai dai ba sha-yanzu-magani-yanzu ba ce.

Don Allah, 'yan uwa, kafin kemis ko allura, ku fara zuwa kilinik ɗin makaranta a gane ciwon. In za ku yi akufanca, a buɗe sabbin allurai a gabanku saboda ciwon hanta. Ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ko ya zo da sanƙarewar wuya, asibiti ake kai shi nan take.