Taɓarya da Aradu

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fadama da hantsi, ya hangi mata suna daka a ƙauyen ƙetare, ya ga abin al'ajabi, ko da bai kula ba. Taɓarya takan faɗa cikin turmi shiru, sai ta ɗaga sama sa'an nan a ji tim. Ido ya ce an daka, kunne ya ce tukuna.

Dalili kuwa shi ne, sauti matafiyi ne, ba ya isa sai ya ci hanya. In taɓarya ta bugi turmi sai ya girgiza, ya tunkuɗi iskar da ke jikinsa, ita kuma ta tunkuɗi ta gabanta, haka haka har motsin ya iske wata 'yar fata a cikin kunne, ta yi rawa kamar fatar kalangu. Ba iskar turmin ce ta taso ta zo ba, motsin ne aka yi ta miƙawa, yadda magina ke miƙa tubali hannu da hannu. Inda babu iska, ko ruwa, ko wani abu mai jiki, ba mai karɓa. A 1660 wani masani a Ingila, Robert Boyle, ya rataya agogo cikin tulun gilashi, ya zuƙe iskar ciki, sai aka daina jin bugunsa, alhali kuwa bai tsaya ba.

A 1738 masanan Faransa suka auna saurin wannan tafiya. Da dare suka riƙa harba igwa a kan tudu kusa da birnin Faris, waɗansu na can nesa suna ƙidaya tsakanin ganin wuta da jin ƙara. Ashe sauti yakan ci wajen ƙafa 1,100 a daƙiƙa guda, watau mil ɗaya cikin daƙiƙa 5. Haske kuwa mil 186,000 yake yi a daƙiƙa. Ina jaki ina iska!

To, ga inda abin ya shafi rai. Da damina mutane sukan toshe kunne don tsoron tsawa, amma ƙarar labari ce kawai ta abin da ya riga ya auku. Wanda ya ji ta, wannan aradu ta wuce shi. Abin tsoro shi ne mai zuwa. Manomin da ya san haka, in ya ga walƙiya sai ya ƙidaya a hankali, ɗaya, biyu, uku, har ya ji rugugi. In ya kai 30, mil 6 ke nan, kuma ko a nan aradu tana iya isowa. In na gaba ya tsaya a 15, hadarin ya ci rabin hanya. Ba ya jiran yayyafi, ba ya kuma fakewa gindin kukar nan tilo da ke tsakiyar gona, gama aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo. Sai ya ajiye fartanya, ya kira yaran da ke kiwo, su nufi gida.