Lambun Itatuwa na Jami'ar Zariya

Wanda ya tashi daga Bazaga za shi Zariya, ta Ƙonni zai bi. Ya ƙetare iyaka a Illela ta Nijeriya, ya bi Sakkwato, Gusau da Funtuwa. Tun a hanya zai ga daji ya canza: aduwa da sabara suna raguwa, ɗorawa da kaɗanya suna ƙaruwa. Dalili shi ne ruwa. Ƙasar Zazzau tana samun wajen milimita 1000 a shekara, ƙasar Ƙonni kuwa kamar rabin haka.

Kafin a shiga birni akwai Samaru. Nan Jami'ar Ahmadu Bello take, wadda aka buɗe a 1962. Cikinta akwai lambun itatuwa. Ba don kasuwa aka yi shi ba, don karatu ne. Ɗalibai suna shiga su koyi icce da ganyensa, da furensa, da ƴaƴansa.

Akwai kuma ɗakin ajiyar busassun tsirrai. Ga yadda ake yi: a tsinko reshe mai ganye da fure, a danne shi tsakanin takardu har ya bushe, a manna shi bisa farar takarda mai kauri. Sai a rubuta sunansa, da inda aka samo shi, da ranar. Mai binciken maganin gargajiya nan yake kai saiwa ko ganye a tabbatar masa da sunan, don kada ya ɗauki wani icce a maimakon wani.

Kowane icce yana da suna guda da malaman duniya suka yarda da shi. Gawo, alal misali, Faidherbia albida suke ce masa. Manomin Bazaga ya san shi sarai: da damana yana zubar da ganye, hatsi ya yi kyau a gindinsa, da rani ƴaƴansa su ciyar da bisashe.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa, gatari ya ƙara. Iccen da ya ɓace daga daji, takarda za ta riƙe sunansa, amma ba za ta ba akuya abinci ba. Saboda haka, lokacin sassabe, manomi ya bar tohon gawo da kalgo da magarya a gonarsa, ya rage rassan, ya bar biyu ko uku masu ƙarfi. Makiyayi ya sassafta wajen sara. Tsofaffi su koya wa yara sunayen itatuwa da amfaninsu.

Allah ya ba da damana mai albarka.