Gadar Gaya da Mashigin Fatake

A garin Gaya, bakin Kogin Kwara wanda Zabarmawa ke kira Isa Beri, akwai wani dattijo da ya shafe shekaru yana koyar da tarihi kafin ya ajiye alli. Ya saba fita bakin ruwa bayan la'asar, ya zauna inda ake hango gadar da ke bi zuwa Malanville ta ƙasar Benin. Tun watan Yuli na 2023 wannan zama ya sauya masa ɗanɗano. Bayan juyin mulkin Yamai, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka toshe gadar. Ko da aka janye takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe. Da idonsa ya ga fasinja da buhunan hatsi sun koma cikin kwale-kwale, ya ga tsofaffin ɗalibansa, waɗanda a da suke cin abinci daga manyan motocin Kwatano, sun zama ƴan dako a bakin gaɓa.

Abin da ya dame shi shi ne ya san labarin tun kafin ya faru, domin ya sha karantar da shi a aji. Daular Rum ta ɗauki kogunan Rhin da Danube a matsayin iyakarta ta arewa, ta jera sansanonin soja a gaɓarsu. Sai dai kogin da aka tsare da mashi shi ne kuma hanyar abinci. Jiragen ruwa masu shimfiɗaɗɗen ciki ne ke kai wa sojoji hatsi da dutsen gini, kuma duk inda aka kafa sansani, sai ƴan kasuwa da maƙera su yi unguwa a gindin ganuwarsa. Wajen shekara ta 47 miladiyya, kwamanda Korbulo ya sa sojojinsa suka haƙa mashigar ruwa tsakanin Rhin da Meuse don jirage su kauce wa haɗarin teku. Sarki Tarajan ya gina babbar gada a kan Danube tsakanin 103 da 105, amma magajinsa Hadiriyan ya sa aka kwashe bisanta, don tsoron kada maƙiya su bi ta kai. Dattijon ya kan ce wa ɗalibansa hannun da ya gina gada shi ke da ikon rufe ta, su kuwa su rubuta a littafi ba tare da sun ɗauka zancen garinsu ake yi ba.

Gaya ma mashigi ce tun kafin a san kwastan. Fataken Kano masu zuwa Gwanja sayen goro sukan biyo ta Jega, su ƙetare ruwa a wajen Ilo ko Gaya, su nufi Kandi da Jugu har Salaga. Madugu ya sauke ayari a zango, a yi cinikin kuɗin fito da masu jirage, jakuna su huta, a sayi gishirin Foga wanda ake dafawa a kwarin da ke kusa. Cangawa da Dandawa da Hausawa duk sun ci moriyar wannan ƙetarewa. Da Turawa suka zo, yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta bar Ilo a hannun Ingila, Gaya kuma ta faɗa rabon Faransa, ta zama gari mai tsaron iyaka. A 1958 aka gina gadar farko, ta haɗa Nijar da layin dogon da ya tsaya a Paraku, sana'ar fito ta ja baya.

Ƙasashen kogin sun yi ƙoƙarin sarrafa shi tare. Sun kafa hukuma a 1964, wadda ta zama Hukumar Kogin Neja a 1980, da mazauninta a Yamai. Rikicin tsibirin Lete, wanda ya yi tsanani a 1963, sai a ranar 12 ga Yuli 2005 Kotun Duniya ta yanke shi: ta ba Nijar tsibirin, ta ce iyaka tana bin inda ruwa ya fi zurfi, har a kan gadojin Gaya. Dattijon ya yi murna a lokacin, don an raba gardama ba a zubar da jini ba. Yau yana ganin hukuncin ya faɗi inda iyaka take, bai faɗi wanda zai ɗauki asarar talaka ranar da aka rufe ta ba.

Saboda haka yake roƙon malaman da suka gaje shi, idan sun zo darasin Rum, su fito da yara bakin ruwa. Su nuna musu gadar, su nuna musu masu fito, su tambaye su nawa mahaifiyarsu ke biya kafin ta kai kayanta kasuwar Malanville. Yaron da ya lissafa wannan kuɗi, in ji shi, ya fahimci abin da Hadiriyan ya yi wa mutanen bakin Danube.