Yamai: zagaye wurin masu yankan gilashi

Duk wanda ya san Yamai ta shekarun 1980 ya san tagoginta. Na ƙarfe ne masu kunnuwa, ko kuwa ƴan sirara-siraran gilashin Naco da ake ɗagawa ana saukewa da hannu. Yau fuskar garin ta sake. Daga Filato har sababbin unguwannin da ke bayan Lazare, ba a gama bene sai an sa masa tagar alminiyom da gilashi shuɗi ko kore mai ɗaukar ido. Taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019, wanda ya zo da otel ɗin Radisson Blu da sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani, ya ƙara wa abin armashi, har mai ɗaki biyu ma ya shiga sahu. To, jama'a masu karatu, su wa ke yanka wannan gilashi duka, kuma daga ina yake fitowa?

Mai son amsa sai ya nufi kasuwar Katako, kusa da unguwar Bukoki. Sunanta ma ya faɗi abin da aka fara saninta da shi, amma yau babu kayan ginin da ba a samu a cikinta. Can maƙera na narka tsofaffin ƙarafan alminiyom suna zuba tukwane, nan masu walda na ta tartsatsi, ana ciniki da Hausa da Zabarmanci. Shagon mai gilashi ya bambanta da na maƙwabtansa da abu guda: ba a gaggawa a cikinsa. Sallayen gilashi na jingine da bango a tsaye, don in aka kwantar da su bisa juna nauyinsu ya isa ya fasa su. A tsakiya akwai babban tebur da aka shimfiɗe da tsohon bargo ko kafet, kuma kafin a ɗora kowane salle sai yaron shago ya share shi tas, domin tsakuwa ɗaya tak in ta shiga ƙarƙashi ta gama da jarin yini.

A gaskiya ba yanka gilashi ake ba, tsaga shi ake. Abin aikin bai fi alƙalami ba. Suna ce masa diyama, da sunan dutsen lu'ulu'u na Faransanci, alhali galibin na yau wata ƴar ƙaramar ƙafa ce ta ƙarfe mai tsananin tauri a bakinsa. Maigidan shago zai auna, ya ɗora doguwar rula, ya tsoma bakin diyama cikin kananzir, sa'an nan ya ja layi daga wannan gefe zuwa wancan da ƙarfi iri ɗaya, ba tsayawa. Da kunne yake sanin aikin ya yi: in ƙarar ta fito siririya kamar ana yage sabon yadi, to madalla, in ta yi gurnani, ya danna fiye da kima. Kuma ba a maimaita layi. Wanda ya koma bisa tsagar farko ya ɓata ta, ya kuma dusashe bakin abin aikinsa. Daga nan sai a tura sanda ƙarƙashin layin, a danna gefe biyu, gilashin ya rabu da ƙara ɗaya, ƙas. Ba a jinkiri tsakanin tsagawa da karyawa, don masu sana'ar sun san tsagar da ta daɗe ba ta bin hanya. Akwai kuma gilashin da diyama ba ta da iko da shi, wato wanda aka gasa aka ƙarfafa, irin na tagogin gefen mota. In aka taɓa shi sai ya tarwatse kamar gishiri. Shi ya sa ake yanka shi tun kafin a gasa.

Nauyi ne abin da mai kallo ba ya lura da shi. Kowane murabba'in mita na gilashi mai kaurin milimita 1 yana da kilo 2 da rabi. Babban salle mai tsawon mita 3,21 da faɗin mita 2,25, in kaurinsa milimita 5 ne, ya kai kilo 90, kuma kowane gefensa wuƙa ne. Samari ke ciccibarsa, da yawansu cikin silifas, ba safar hannu sai guntun kwali ko tsumma. Na dubi hannuwan aparanti da dama a layin nan, kaɗan ne ba su da tabo. Yankan yatsa ba komai ba ne a wurinsu. Abin tsoro shi ne salle ya tsage a hannu ya sauko bisa wuyan hannu ko dunduniya, inda jijiya take; wanda ta tsinke masa, sana'ar na iya ƙarewa ko da ya warke. Ƙasarmu tana da asusun CNSS mai kula da haɗarin aiki, amma sai wanda aka rubuta sunansa ke cin moriyarsa, shi kuwa yaron da uba ya kawo ya damƙa amana ba kasafai takarda ke shiga tsakaninsa da maigida ba. A ganina safar hannu da takalmi rufaffe ba su kai kuɗin salle ɗaya da ya fashe ba, kuma maigidan da ke lissafa asarar gilashi har santimita ya kamata ya iya wannan lissafin ma.

Nijar ba ta da masana'antar yin gilashin taga. Duk sallen da ke Katako daga waje ya zo cikin akwatin katako, ya kuma sha hanya bisa babbar mota. Daga tashar jiragen ruwan Kwatano zuwa Yamai ya haura kilomita 1.000, ta Malanbil da Gaya. Da aka rufe wannan gada bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, sai kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, hanyar ta ƙara tsawo, kwanaki suka ƙaru. Ga kayan da ramin hanya ɗaya ke iya mayarwa shara, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a kan mai saye ake fanshewa.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne kayan haɗin gilashi ba baƙinmu ba ne: rairayi, da farar ƙasa, da sinadari dangin kanwa. Misirawan dā da Rumawa da kanwar Wadi Natrun suka yi nasu, mu kuwa ga kanwa a Dallol Boso da Manga da Kawar. Wuta ce matsalar. Dabarar da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana a 1959, wadda duniya ke bi har yau, ita ce a narka haɗin da zafin da ya kai digiri 1.500, a malalo shi bisa tafkin narkakkiyar kuza, ya shimfiɗu sumul. Irin wannan tanda tana fidda ɗaruruwan tan a yini, kuma in aka kunna ta sai ta shekara goma ko fiye ba a kashe ta ba ko na dare ɗaya. Mai zaune a Yamai, wanda ya san yadda kuran ke ɗaukewa cikin watan Afrilu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amma kada a ce baƙar fata bai san sirrin ba: masu tonon tarihi sun gano ana yin gilashi a Ile-Ife tun wajen ƙarni na 11, kuma Masaga na Bida, a ƙasar Nufe, har yanzu suna narka kwalabe suna yin duwatsun wuya da awarwaro.

Wai shin gilashi ya ma dace da garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a bazara? Tagar ƙarfe ta dā tana barin iska ta ratsa. Ta yau tana tara zafi, sai an haɗa ta da na'urar sanyaya ɗaki. Wannan kuwa magana ce ta magina da masu gida, shi mai yanka awon da aka kawo masa yake bi.

Ragowar da ta faɗo daga tebur ba ta zuwa juji kai tsaye. Mai ɗan faɗi a yi firam ɗin hoto ko allon ayoyi da ita, ko akwatin da masu sayar da waya da masu fanke ke baje kayansu. Gutsuren madubi na tafiya wurin wanzamai da masu kitso. Wanda ya farfashe sarai kuwa magina ke kwasa cikin buhu, su kafa shi da siminti bisa kan katanga saboda ɓarayi.