Daga Sokode Zuwa Dapaong: Bin Sawun Fataken Goro

Duk direban da ke bin babbar hanyar Lome zuwa iyakar Burkina Faso ya san Sokode. Gari ne na Kotokoli, galibinsu Musulmi, kimanin kilomita 340 daga Lome. Wata shida na yi a arewacin Togo ina binciken digiri na uku kan tarihin fatauci, kuma a Sokode na fara sauke kaya.

Tun kafin Jamusawa su kafa mulki a ƙarshen ƙarni na 19, ayarin kakanninmu kan yada zango a nan in za su Gwanja. Su kai kanwa da tufafi, su komo da goro daga Salaga. A unguwar Didawure Musulmi 'yan kasuwa suka fara zama, har yau kuma akwai tamu unguwar, Zango.

Kullum da harshe uku nake wuni. Bayan asuba in sha koko da ƙosai da Hausa. Da hantsi in hau ɗan acaɓa zuwa ofisoshin gwamnati, inda sai Faransanci. A kasuwa kuwa, in ba ka gaida mai wagashi da Kotokoli ba, ragin ma ba za ka samu ba. Da la'asar nake zama da dattawa.

Zaman nan shi ne ainihin aikin, kuma ba ya son gaggawa. Ɗan kasuwa in ya ga baƙo da biro da rikoda, mai karɓar haraji yake fara tunawa. Wani Alhaji sai da na yi mako uku ina zuwa gaisuwa kafin ya ce, "Ɗana, me kake nema ne takamaimai?" Na ce, "Baba, labarin mahaifinku." Ya shiga ɗaka ya ɗauko wasiƙun ajami a cikin gafaka, gara ta cinye rabinsu. Cikin jikokinsa babu mai iya karanta su.

Daga nan na wuce Kara, na ƙetare kogin Oti a Mango, wadda sunanta na dā Sansanne-Mango ke ɗauke da kalmarmu ta "sansani". Dapaong ƙasar Moba da Gurmawa ce, ga Mosi da Fulani, ga iskar hunturu kamar a Katsina. Ranar Laraba da Asabar kasuwa ke ci. Sai dai tun watan Yunin 2022 yankin Savanes ke cikin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren 'yan bindiga daga wajen iyaka. Shingayen sojoji sun yawaita, masu kai kaya Sinkase na sammako su dawo da rana tsaka, mutane kuma sun rage sakin baki da baƙo. Mai zuwa nan ya riƙe katin shaida a aljihu, ya kuma nemi mai masaukin da aka sani.

Roƙona ga iyalanmu na zango shi ne, duk mai tsoho a gida ya zauna da shi, ya kunna wayarsa, ya tambaye shi: daga wane gari muka taso, wa ya ja ayarin, wa ya sauke mu? Takardun cikin adaka a ɗauki hotonsu tun gara ba ta ƙarasa su ba.